Daga tabarau zuwa wayar da ke magana: Kayan da ke mayar da masu nakasa bakin aiki

Da wuya shekara ta ƙare a manyan biranen Arewa ba a yi bikin rabon kekunan guragu ba. A kafa rumfuna, a jera kekuna sababbi fil cikin ledojinsu, a yi jawabai, a ɗauki hotuna, sannan kowa ya kama gabansa. Abin da ba kasafai ake komawa a duba ba shi ne halin da kekunan suke ciki bayan wata shida. Wani ya yi wa mai shi faɗi har yana karkacewa a ciki, wani tayarsa ta lalace kuma babu irinta a kasuwa, wani kuwa ya gaza ratsa yashin lungu, an jingine shi a zaure yana shan ƙura.

Niyyar masu bayarwa mai kyau ce, sai dai sakamakon yana tabbatar da abin da masana suka daɗe suna faɗa: mai nakasa yana buƙatar kayan aikin da aka auna masa, aka koya masa sarrafa shi, kuma yake da inda zai kai shi gyara. Idan waɗannan sharuɗɗa suka cika, tela ya koma kan keken ɗinkinsa, akawu ya koma teburinsa, yaro ya koma aji. Idan suka gaza cika, kuɗi sun tafi, mutum kuma yana nan inda aka same shi.

Girman buƙatar

Kayan tallafi su ne duk wani abu da ke taimaka wa mutum ya yi abin da jikinsa ya gaza yi shi kaɗai, ko gani ne, ko ji, ko tafiya, ko magana, ko tuna abu. Sun haɗa da tabarau da sandar makafi da sandunan dogarawa da keken guragu da ƙafar roba da na'urar ƙara ji, har zuwa manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kaya 50 irin waɗannan da ta ce su ne mafi muhimmanci, domin ƙasashe su yi koyi da shi wajen tsara nasu.

Rahoton da hukumar ta fitar tare da asusun UNICEF a watan Mayun 2022 ya nuna cewa mutane fiye da biliyan 2.5 ne ke buƙatar aƙalla ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. Ana hasashen masu buƙatar za su haura biliyan 3.5 nan da 2050, saboda yawaitar tsofaffi da cututtuka irin su ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Rahoton ya ce a wasu ƙasashe masu arziki kashi 90 cikin 100 na masu buƙata suna samu, a wasu matalautan ƙasashe kuwa kashi 3 ne kacal.

Alƙaluman suna tunatar da cewa batun bai tsaya ga waɗanda aka haifa da nakasa ba. Haɗarin babur, da hawan jini, da ciwon sugan da ya ci ƙafa, da tsufa kansa, kowannensu yana iya shigar da lafiyayyen ɗan kasuwa ko ma'aikaci cikin sahun masu buƙata a dare ɗaya.

Tabarau, mafi arha kuma mafi yawan mabuƙata

Daga shekara 40 zuwa sama, ƙwayar idon ɗan Adam tana rage laushi, sai ganin abin da ke kusa ya fara wuya. Alamarsa sananniya ce: mutum ya riƙa nesanta takarda ko waya daga fuskarsa kafin ya karanta. Tela ya kasa zura zare a allura, mai gyaran waya ya daina ganin ƙananan wayoyi, mai shago ya riƙa kuskuren lamba a littafin bashi ko wajen tura kuɗi. Da yawa sukan ɗauka ƙarfinsu ne ya ƙare, su miƙa wa yara sana'ar tun lokaci bai yi ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan masu tsinkar ganyen shayi a Jihar Assam ta Indiya ya gano cewa waɗanda aka ba tabarau na karatu sun ƙara yawan aikin da suke yi da kusan kashi 22 cikin 100. Ga ɗan kasuwa wannan lissafi ne mai sauƙin ganewa.

Amma ko tabarau yana son awo. Wanda ya saya a bakin titi ba tare da an duba idonsa ba yana iya samun sauƙin karatu, alhali hawan jinin ido yana cin ganinsa a ɓoye, cutar da ba a iya dawo da abin da ta lalata. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, duk wurare ne da ake yin wannan gwaji.

Keke da ƙafar roba

A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, shekara huɗu bayan an ga ta ƙarshe a Jihar Borno. Amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan, yawancinsu magidanta ne da matasa masu neman abin kansu. A kansu aka ƙaru da waɗanda haɗarin mota ya taɓa wa laka, da waɗanda rikici ya raba da gaɓoɓinsu.

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun taƙaita bayar da keken guragu a matakai huɗu: a zaɓa, a daidaita shi da jikin mai shi, a koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya. Kowane mataki yana da dalili. Keken da ake gani a asibitoci an ƙera shi ne domin tura majinyaci daga ɗaki zuwa ɗaki a kan daɓe mai santsi. Ƙananan tayoyinsa na gaba suna nutsewa a yashi. Mai zirga-zirga a unguwannin da ba su da kwalta ya fi dacewa da keke mai manyan tayoyi da doguwar ƙira. Wanda ya samu rauni a laka kuwa, ba ya jin zafi a mazaunansa, don haka idan ya daɗe a zaune babu matashi na musamman, fatar takan mutu ta zama gyambo mai zurfi, wanda kan iya kai ƙwayoyin cuta cikin jini har ya yi ajali. A wurin irin wannan mutum, matashin zama ya kai keken kansa muhimmanci.

Keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ya cika titunan Kano da Kaduna da Jos, ya karɓu ne saboda an haɗa shi da kayan keken hawa na yau da kullum. Sarƙarsa ko tayarsa ta lalace, duk mai gyaran keke a bakin kasuwa zai gyara. A Kano, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga shan inna, ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera irinsa. A Jos, cibiyar Beautiful Gate da Ayuba Gufwan ya kafa tare da wani abokin aikinsa Ba'amurke ta ƙera dubbai ta raba. Shi kansa Gufwan shan inna ce ta kama shi yana yaro, kuma a 2024 aka naɗa shi Babban Sakataren Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa.

A ƙafar roba, mafi muhimmanci shi ne kofin da dungun ƙafar yake shiga. Ana ɗaukar siffar dungun a zuba kofin daidai da shi. Idan ya matse ko ya yi sako-sako, ciwo zai fito, mai ita ya ajiye ta. Dungu yana sauya siffa a watannin farko bayan yankewa, yaro kuma yana girma, shi ya sa ƙafar yaro take buƙatar sauyi cikin watanni shida zuwa shekara guda, ta babba kuwa bayan shekara uku zuwa biyar. Ke nan ɗawainiya ce ta tsawon rai, wadda iyali ya kamata su san da ita tun farko.

Yanayin rayuwar mutum ma yana shiga cikin ƙirar. Ƙafar Jaipur, wadda likita P.K. Sethi da maƙeri Ram Chandra Sharma suka ƙirƙiro a Indiya a 1968, ta shahara ne domin tana lanƙwasuwa: mai ita yana iya tsugunawa, ya zauna a ƙasa, ya yi tafiya babu takalmi. Al'ummar da ke zama a tabarma, take durƙusawa a Sallah sau biyar a yini, ta san darajar wannan. A Uyo kuma, John Amanam ya yi suna wajen ƙera yatsu da hannaye da kunnuwa na roba masu launin fatar baƙar fata.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, yana da sashen ƙera gaɓoɓin roba. A 2020 kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, domin rage wa mutanen Arewa maso Gabas doguwar tafiya.

Makafi: daga ɗigo shida zuwa wayar hannu

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga makafi masu ilimi da fasaha. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, haka ma alarammomi da dama da suka haddace Alƙur'ani ta hanyar saurare. Abin da zamani ya zo da shi shi ne mulkin takarda: jarrabawa, da fom, da rasit, da saƙon banki. Nan ne kayan tallafi suke shigowa.

Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ya makance tun yana yaro, kuma yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun da ake kira da sunansa. Kowane harafi yana fitowa ne daga gurbi mai ɗigo shida masu tudu, biyu a kwance uku a tsaye, waɗanda ke ba da siffofi 63 da ake karantawa da kan yatsa. Da shi ake rubuta Turanci da lissafi da Larabci, har da Alƙur'ani. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato, wadda aka buɗe a 1953, tana cikin na farko da suka koyar da shi a Najeriya. Makarantar Tudun Maliki a Kano ma tana koyar da makafi da kurame.

A yau, kayan tallafi mafi yaɗuwa yana cikin aljihun mutane, ba tare da da yawa sun sani ba. Wayoyin Android suna da manhajar TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver, dukansu kyauta ne, a sashen saituna ake kunna su. Idan aka ɗora yatsa a kan abu, wayar ta faɗi sunansa; idan aka ƙwanƙwasa sau biyu, ta buɗe shi. Da haka makaho yake kiran waya, ya karanta saƙon shigar kuɗi, ya yi ciniki a WhatsApp. Manhajar Be My Eyes, wadda wani ɗan ƙasar Denmak mai raunin gani ya ƙaddamar a 2015, tana haɗa makaho da mai gani ta kiran bidiyo, domin ya karanta masa takarda ko kwalin magani.

A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. Kyauta ce, kuma ana iya ɗora ta a filas a yi aiki da ita a kowace kwamfuta mai Windows. Ma'aikacin da ya rasa ganinsa a tsakiyar aiki yana iya ci gaba da rubuta wasiƙu da shirya jadawalin lissafi da ita, muddin ya samu horo.

Sauran rina a kaba shi ne harshe. Muryoyin da ke zuwa da waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a Turanci da Larabci da Faransanci, idan suka ci karo da Hausa sukan karanta ta da lafazin Turanci, musamman kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ. An samu ci gaba ta ɗaya ɓangaren, domin a 2024 kamfanin Google ya sanya Hausa cikin harsunan da mutum zai yi magana waya ta mayar da ita rubutu.

Kurame da masu raunin ji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa suna cikin abubuwan da ke kurmantar da yara, yayin da ƙarar injin niƙa da janareta da wasu magunguna ke cin jin manya sannu a hankali.

Na'urar ƙara ji ta gaskiya ana saita ta ne bisa sakamakon gwajin kunne, domin wani siraran sautuka ya daina ji, wani kuwa masu kauri. Mai arhar da ake sayarwa barkatai tana ƙara ƙarfin kowane sauti baki ɗaya, har da hayaniyar kasuwa, kuma tana iya ƙara lalata abin da ya rage. Sannan akwai batir da ke ƙarewa cikin kwanaki, da gumi da ƙurar hunturu da ke toshe na'urar. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa suna yin wannan gwaji. Ga yara, gaggawa ta fi komai, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa take kama harshe. Jaririn da ba ya firgita da ƙara ko waiwayar murya ya kamata a kai shi a duba.

Ga wanda na'ura ba za ta yi wa amfani ba, maganar hannu cikakken harshe ce. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu ta gargajiya, wadda masaniya Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazari a kanta a Kano, ban da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga ta Amurka. Kiran bidiyo ya ba su damar yin hira daga nesa, irin damar da masu ji suka daɗe da samu.

Abin da doka ta ce

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, kuma a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya. Dokar ta tanadi tarar Naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Ta buƙaci ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba masu nakasa fifiko a layi. Gine-ginen da jama'a ke shiga an ba su wa'adin shekara biyar su gyara, wanda ya cika a Janairun 2024. Jami'in da ya amince da zanen ginin da bai tanadi hanyar masu nakasa ba, shi ma dokar ta tanadar masa hukunci.

An ga tasirin wannan sauyi a wasu wurare. Tun 2017 hukumar JAMB take da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Hukumar INEC ta yi amfani da jagorar ƙuri'a mai rubutun Braille a zaɓen 2019. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya masu nakasa cikin masu rauni da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 kuma ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. Duk da haka, zagaye ɗaya a sakatariyoyi da bankuna da kasuwanni ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin takarda da abin da ke ƙasa.

Rabon ɗan kasuwa da ma'aikaci

Keke mafi inganci ba ya hawa matakala. Ƙa'idar da magina ke bi wajen yin gangara ita ce kowane tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Dakalin shago mai tsayin santimita 15 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 180; wadda ta fi haka miƙewa tana iya kifar da mai keke. Ƙofa mai faɗin kusan santimita 90 tana wadatarwa. Mai sana'ar POS da ya ajiye na'ura mai maɓallai, wadda lambar 5 take da ɗan tudu, ya hutar da makaho daga faɗa wa baƙo lambarsa ta sirri.

A ofis, sanarwar da aka ɗauki hotonta aka tura a WhatsApp ba ta karantuwa ga manhajar makafi yadda rubutu yake karantuwa. Tura ainihin rubutun bai ci ko kwabo ba. Mayar da teburin ma'aikaci mai keke zuwa hawa na ƙasa, da fuskantar mai raunin ji yayin magana domin ya ga leɓɓa, da gayyato tafintan maganar hannu a taron jama'a, duk abubuwa ne da shugaban sashe zai iya yanke hukunci a kansu.

Mai niyyar fitar da zakka ko sadaka ta wannan hanya kuwa, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya samu amsarsu kafin ya biya kuɗi: an tambayi mai buƙatar abin da yake so ya yi da kayan? Wa zai auna shi? Wa zai koya masa? A ina za a gyara idan ya lalace? Mutum goma da aka kai asibiti aka auna, aka biya musu kuɗin gyara na shekara, sun fi amfana a kan ɗari da aka jera a rumfa. Ƙungiyoyin masu nakasa da sarakunansu na gargajiya, irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, sun fi kowa sanin wanda ke buƙata da kuma abin da yake buƙata, kuma daga wurinsu ya dace a fara.